Bik na yarwa da bik mai sauyin tawada: ina ribar take a Damagaram?

Da zarar watan Oktoba ya kama aka koma makaranta, babu hajar da ke tafiya a Kasuwar Dole da butik-butik na Zango da Sabon Gari kamar littattafan rubutu da bik, wato abin da maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa biro. Magidanci mai yara biyar ko shida a makarantar boko zai saya wa kowa shuɗi da ja, wani malamin ma ya ce sai an haɗa da kore. Kafin a kai hutun ƙarshen Disamba rabinsu sun tafi. Wani ya ɓata, wani an taka shi ya tsage, wani ya amayar da tawada a aljihun riga, wani kuma ya ƙi rubutu alhali ga tawadar nan fal ana ganinta. Sai a sayi wani. Kuɗin ba ya fita lokaci guda, dala ashirin ce yau, wato sefa 100, dala ashirin bayan sati biyu, shi ya sa ba kowa ke zama ya tara lissafin ba.

Masu fafutukar kare muhalli sun daɗe suna cewa a bar bik na yarwa, a koma wa wanda ake sauya wa bututun tawada, ko alƙalamin da ake ɗura wa tawada daga kwalba. Sun ce ya fi araha, kuma yana rage shara. Ina tare da su, kuma ina so in ga abin ya yaɗu a garin nan. Sai dai maganar tasu an gina ta ne a kan kasuwannin da mutum zai shiga kanti ya tarar da bututun sauyi a rataye kusa da bik ɗin. Damagaram ba ta kai nan ba tukuna, kuma duk ribar da ake faɗa, ta aljihu da ta muhalli, a kan wannan ɗan bututun ta rataya.

Tun farko da niyyar yarwa aka ƙera bik ɗin da muka sani. Laszlo Biro, wani ɗan jarida daga ƙasar Hungary, shi ya yi rajistar alƙalami mai ƙwayar ƙarfe a baki a 1938, kuma irinsa na farko kayan masu hali ne: a 1945 an sayar da guda a birnin New York a kan dalar Amurka 12.50. Marcel Bich ne ya sayi haƙƙin fasahar, ya fito da Bic Cristal a Faransa a ƙarshen 1950, da dabara guda ɗaya, wato a yi shi da araha har ya zama sayen sabo ya fi gyaran tsoho sauƙi. Dabarar ta ci. A 2006 kamfanin ya sanar da cewa ya sayar da guda biliyan 100. Gangar jikinsa roba ce mai garai-garai da ake kira polistirin, murfin wata robar ce daban, bakin na ƙarfe ne mai haɗin tagulla, ƙwayar da ke juyawa a tsini kuma ta wani ƙarfe ce mai tsananin tauri. Duka-duka nauyinsa bai cika giram 6 ba, kuma in na asali ne yana iya jan layin da ya kai kilomita 2 ko fiye kafin tawadar ta ƙare.

Bik nawa ne a garin nan ke kaiwa wannan nisa? Kaɗan ne. Tawadarsa mai kauri ce, da mai aka haɗa ta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sai ta saki ta tsinke, ta biyo baki ko ta koma ta gindi. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga tsinin ta cije ƙwayar. Ga shi yawancin abin da ke kan teburan ƴan tireda kwaikwayo ne, bakinsa ba shi da ƙwari. Duk wanda ya zauna a aji ya san abin da yara ke yi in bik ya ƙi: su murza shi tsakanin tafin hannu biyu ya ɗauki ɗumi, su hura masa iska ta gindi, su goga tsinin a ƙasan silifa. In gangar jikin ce ta fashe, yaro zai sa haƙori ya zare bututun, ya nemi gidan wani bik da ya mutu ya cusa shi ciki, ya ci gaba da kwafar darasi. Wannan yaron ya riga ya gane abin da ake ta bayani a kai, cewa tawada da gidan da ke riƙe da ita ba sa mutuwa rana ɗaya. Abin da bai samu ba shi ne wanda zai sayar masa da bututun shi kaɗai.

Lissafin kuɗin ba shi da wuya, kowa na iya sa farashin unguwarsu a ciki. Mu ɗauka bik na yarwa sefa 100 ne, mai sauyi kuma sefa 500 tare da bututunsa na farko, kowane bututu na gaba sefa 50. Wanda ya cinye bik tara na yarwa ya kashe 900. Wanda ya sayi mai sauyi ya ƙara bututu takwas shi ma 900 ya kashe. Daga nan ne riba ke farawa, dala goma a kowane sauyi. In mutum na cin bik goma a shekara, to shekarar farko kusan kunnen doki ce, amma a shekara uku mai yarwa ya kashe jika uku, mai sauyi kuwa sefa 1,950. Yanzu a taɓa lamba ɗaya kawai. In bututun ya koma sefa 75, ba za a yi daidai ba sai a na 17. In ya kai 100, babu ranar da za a maido da kuɗin gidan. In kuma bik ɗin ya ɓata bayan bututu na biyar, an kashe 700 a inda mai yarwa ya kashe 500.

Wannan ɓatan shi ne masu yabon bik mai sauyi ba su cika son tsayawa a kansa ba, alhali a nan shi ne babban abin da ke cinye bik. A banki, a asibiti, a wurin cika takardu, a aji, ko'ina za ka ji "Malam, ara mini bik," kuma kunya ba ta barin mutum ya bi wanda ya ara ya ce a maido masa da abin dala ashirin. Na yarda cewa abu in ya yi tsada mai shi ya fi kula da shi, kuma ba a jin nauyin karɓo bik na ƙarfe daga hannun wanda ya ara. Amma wannan a wurin babba ne. Yaro ɗan shekara tara da ke zuba kayan karatunsa a leda ko a jakar da zif ɗinta ya lalace, in ka ba shi bik na dala ɗari ka dai ƙara wa ubansa asara ne, ka kuma ƙara wa yaron duka ranar da ya ɓatar. Saboda haka ban ga dalilin fara wannan sauyi daga ƴan firamare ba. Mutanen da lissafin ke yi wa aiki su ne masu rubutu kullum a wuri ɗaya: malamin da ke gyaran takardun ɗalibai ɗari da jan bik, ma'aikaciyar jinya mai cika rajista, akawu, mai kanti da littafinsa na bashi, ɗalibin Jami'ar André Salifou ko na lise da ke cika shafuffuka da dama a yini.

Akwai kuma maganar kuɗin farko. Mai ƙaramin ƙarfi ya san sayen sukari ƙulli-ƙulli ya fi sayen tiya tsada, amma ƙullin yake saya, don kuɗin tiyar ba ya taruwa a hannunsa. Haka bik yake. A watan komawa makaranta, ga kuɗin tufafi ga na littattafai ga na ƙungiyar iyaye, ka ce wa uba ya fitar da dala ɗari don ya amfana a shekara ta biyu, ba ƙaryata ka zai yi ba, zai dai ce maka ba shi da ita yau.

To a ce an samu mai kuɗin da kuma kulawar. Ina bututun? Ka tsaya gaban mai tebur ka tambaye shi, abin da za ka ji bai wuce, "Mushe, wa zai saya? In na kawo shi sai ya bushe a nan." Kuma yana da gaskiyarsa. Ribar da zai ci a bututu ba ta kai ta cikakken bik ba, sannan bututun ba iri ɗaya ba ne: wani dogo, wani gajere, wani mai kauri, wani da ƙugiyar riƙe waya mai tsalle a kusa da baki. In ya saro iri ɗaya, mutum biyar za su zo da gida biyar da bai shiga ba. Shi kuma mai saye ba zai zuba kuɗi a gida mai tsada ba tunda bai ga inda zai samu abin sa masa ba. Kowa na jiran kowa. Da yawa daga cikinmu na da bik mai kyau na ƙarfe da aka ba mu kyauta ko tsaraba, yana kwance a durowa tun ranar da tawadarsa ta ƙare.

Wannan matsala tana da magani, kuma ba sabo ba ne. Akwai ma'auni na duniya, ISO 12757, da aka fitar a 1998, wanda ya kayyade siffofin bututun bik. Mafi yaɗuwa a cikinsu shi ne mai kaurin nan irin na Parker, kamfanin da ya fito da bik ɗinsa Jotter a 1954. Kamfanoni da yawa, har da masu araha na Sin da Indiya, suna yin gida da bututu a kan wannan siffa. Ke nan in ƴan kasuwar da ke saro kayan rubutu daga Kano suka tsaya a kan siffa ɗaya ko biyu, suka kawo gida da bututu tare, rabin matsalar ta kau. Muhimmancin haka ya fito fili bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe iyakoki har zuwa farkon 2024, kaya suka yi wuyar shigowa, farashi ya tashi. Wanda bik ɗinsa ke cin bututun kamfani ɗaya tak da ke zuwa daga nesa, da hanya ta toshe ya zama ba shi da bik. Mai siffar gama-gari kuwa ko daga ina kaya suka ɓullo zai samu. Ga shi bututu ba ya cin wuri a mota kamar cikakken bik, kwali ɗaya na ɗaukar ninkin-ba-ninkin.

Inda ribar ta fi fitowa da sauri ma ba a bik ɗin gargajiya ba ne. Bik mai tawadar jel, wanda ɗalibai ke so saboda santsinsa, yana zubar da tawada da yawa a kan takarda, don haka yana ƙarewa tun bik na mai bai yi nisa ba, ga shi ya fi tsada. Yar da gidansa duk lokacin da ya ƙare ɓarna ce tsagwaronta. Haka maka, alƙalamin nan mai kauri na rubutu a farin allo, da ya fara maye gurbin alli a jami'a da makarantun kuɗi da ɗakunan taro. Robarsa ta ninka ta bik, yana bushewa da wuri a iskarmu, kuma akwai irin da ake buɗewa a ɗiga masa tawada daga kwalba. Makarantar da ke da azuzuwa goma in ta koma wa wannan, cikin zango ɗaya za ta ga bambanci a littafin kashe kuɗinta.

Alƙalamin ɗuri mai bakin ƙarfe, irin wanda Lewis Waterman ya yi wa rajista a Amurka a 1884, shi ne ya fi kowa a lissafin takarda. Kwalbar tawada mai mililita 50 za ta cika shi sau 50 ko fiye, tunda galibi cikinsa ba ya wuce mililita ɗaya, kuma babu abin yarwa sai kwalba in ta ƙare. Ina son alƙalamin nan, amma ba zan ba kowa shawararsa ba. Tawadarsa ta ruwa ce. Tana ratsa siririyar takardar littattafan rubutu masu araha ta ɓata bayan shafi, tana bushewa a baki da hunturu in an bar shi a buɗe ko na ɗan lokaci, in damina ta jiƙa takarda rubutun na iya wankewa, kuma ba ya danna takardar kabon da ake rubuta rasit da ita. Dattawan da suka yi lakwal a wajejen samun ƴancin kai a 1960 suna tuna ramin da ke jikin tebur inda ake dasa ɗan kurtun tawada, da tabon da ke zama a yatsu da riguna. A Faransa kanta sai a 1965 aka yarda a yi rubutu da bik a makarantu, kuma da aka yarda ba a koma baya ba, saboda ya sauƙaƙa wa yaro da malami.

Amma fa a garin nan akwai tsarin rubutu da ya girmi duk waɗannan, wanda har gobe yana aiki ba tare da ya bar shara ba. A makarantun allo na Birni da Garin Malam almajiri zai yanko karan gamba, ya feƙe shi da reza, ya tsaga bakin. Tawadarsa gawayi ce da ƙaro, a dama a zuba a kurtu. In bakin alƙalamin ya dakushe a sake feƙewa, in ya gajarce a jefar ya ruɓe, in an haddace a wanke allo. Ba cewa nake a shiga jarrabawar BEPC da karan gamba ba, kuma kada wanda ya ɗura wannan tawadar a alƙalamin ƙarfe, don ƙaron zai toshe shi har abada. Abin lura shi ne dalilin da ya sa tsarin ya ɗore ƙarni bayan ƙarni: abin sake cikawa yana nan kusa, mai araha, ba a jiran mota daga wata ƙasa.

A ɓangaren muhalli ya kamata a faɗi girman abin yadda yake. Bik biliyan 100 ɗin nan, in aka ninka da nauyin kowane, bai kai tan 600,000 ba, kuma a cikin shekara 56 aka sayar da su. Rahoton 2022 na OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, ya ce a 2019 kaɗai duniya ta zubar da sharar roba tan miliyan 353, kuma kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa. Ofishin da ya cinye bik 1,000 a shekara, kilo 6 ya zubar. Duk wanda ya ga yadda baƙar leda ta lulluɓe ƙayoyin bayan gari, ta cika magudanan ruwa da bakin tafkuna, ta zauna a tumbin awaki, ya san bik ba shi ne babban abokin gabarmu ba. Nijar ta yi dokar hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su tun watan Nuwamba 2014, ga su nan har yau a hannun kowace mai sayen cefane. Wanda ya ce maka sauya bik zai tsabtace Damagaram ya yi ƙari.

Duk da haka sharar bik tana da wani hali da ya sa nake damuwa da ita. Ƴan jari-bola na ɗaukar fasasshen bokiti da tsohon takalmin roba da gwangwani, don akwai mai saye a kilo. Bik ba wanda ke tsinta: ba shi da nauyi, ga roba iri biyu ko uku a haɗe da ƙarfe da ragowar tawada, raba su ya fi kuɗinsu tsada. Don haka hanyarsa biyu ce. Ko ya zauna a juji rana ta gasa shi ya farfashe ya zama ɓarɓashi cikin yashi, wanda ba ya ruɓewa, a kwashe shi da taki a kai gona ko ruwa ya ja shi tafki. Ko kuma a tara shi da sauran shara a bayan aji a cinna wuta, kamar yadda ake yi a makarantu da yawa, polistirin kuwa in yana ci baƙin hayaƙi yake yi mai toka, yara na tsaye suna shaƙa. Mai sauya bututu shi ma yana yar da roba da ɗan ƙarfe, amma ya tsira da gida da murfi, waɗanda su ne mafi yawan nauyin. Sai dai gidan ƙarfe ya fi na roba cin makamashi wurin ƙira, saboda haka in an saye shi aka watsar bayan wata uku, an yi wa muhalli ɓarnar da ta fi ta bik na yarwa. Shi kansa kamfanin Bic a 2021 ya fito da Cristal mai gidan ƙarfe da ake sauya wa bututu, amma amfaninsa ya dogara ne ga shekarun da zai yi a hannun mai shi.

Waɗanda za su iya kwance wannan ƙulli na kowa-na-jiran-kowa su ne masu saye da kwali. Ofisoshin gwamnati, jami'a, asibitoci, makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin agaji da ke raba kayan karatu, su ne ke da odar da za ta sa ɗan kasuwa ya tashi ya nemo kaya. In ma'ajin wata makaranta ya rubuta cewa yana son gida 50 da bututu 500 masu siffa ɗaya, ja da shuɗi, ɗan kasuwa zai kawo, kuma ragowar kwalin za ta sauka a kan teburinsa inda ni da kai za mu iya sayen guda-guda. A ofis kuma asarar ɓata tana raguwa in aka ce ba a ba da sabon bututu sai an kawo tsohon. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tarurrukan ƙara wa juna sani da ake yi ba dare ba rana a garin nan. Kowane taro sai an raba wa mahalarta sabon bik mai tambarin ƙungiya, mafi arahar da aka samu, wanda sau da yawa ba ya kai ƙarshen sati yana rubutu. Wasu daga cikin tarurrukan ma a kan muhalli ake yin su. Kuɗin da ake bugawa a tambari zai isa a ba mutum gida guda mai ƙwari da bututu uku, ko a ce kowa ya zo da nasa.

Ga mutum ɗaya da ke son gwadawa, kafin ya biya kuɗin gida ya sa mai kanti ya fito masa da bututun, ya buɗe ya gwada a gabansa, ya tambayi farashi, ya ga ko bai wuce rabin kuɗin bik na yarwa ba. Kada ya tara bututu da yawa a gida, don zafinmu na lalata su a ajiye, biyu ko uku sun isa. In mai kantin ba shi da bututun, gara ya sayi bik na yarwa na asali, ya riƙa rufe shi, ya raba shi da rana da aljihun gaba, ya yi rubutu da shi har tawadar ta sauka ƙasa.